Man Farko na Auren Saratu

A Kwaja sanyi ba ya jiran dare ya yi nisa. Rana na faɗawa bayan duwatsu za ka ga kowa ya ja kujerarsa zuwa bakin murhu, kwanon tuwo a cinya, yara suna ture-turen gefen da hayaƙi ba ya bi. Ni da nake zuwa hutu daga Sabon Layi, can cikin garin Mubi, na fi kowa raki, don haka kullum ina manne da Kaka, ƙafafuna cikin zanenta. Ita kuwa ba ta fasa tsokanata ba, wai 'yar birni ce ni, da takarda aka ɗinka mini fata. Ina firamare a hutun da zan ba da labarinsa, hutun Kirsimetin da aka yi auren Saratu, 'yar Goggo Talatu ƙanwar babana.

Kaka ba Bahaushiya ba ce. Da yaren Gude take faɗa, da shi take addu'a, Hausa kuwa a kasuwa ta tsince ta, shi ya sa namiji da mace duk "kai" ne a bakinta. Amma saboda ni, da ba na jin yaren sai gaisuwa, da Hausa take mana tatsuniya, sauran jikoki suna ƙunƙuni. Abin da aka san ta da shi shi ne man gyaɗa. Ba ita ke suya ba, ba ita ke juya muciya ba, wannan aikin masu ƙarfi ne. Nata aikin ruwa ne. Idan an niƙo gyaɗa an juye a turmi ana juyawa, sai an riƙa ba ta ruwan zafi kaɗan-kaɗan kafin ta saki mai. In ruwan ya gaza man ya maƙale, in ya zarce ta saki jiki ta koma kamar kunu, wahalar mata ta tashi a banza. Duk gidan da za a yi man biki a unguwarmu sai an aiko an tafi da Kaka, ta zauna a bakin turmi da ƙoƙonta.

Babana ya daɗe yana so ya dawo da ita wurinmu a cikin gari, ita kuma ta ƙi. Ɗakinta yana Kwaja, 'yar gonarta tana Kwaja, kabarin mijinta yana bayan gida. Da ya matsa mata sai ta yi masa alkawari a gaban 'yan'uwansa, cewa muddin hannunta yana aiki ya ƙyale ta, ranar da hannun ya kasa kuwa ya zo da mashin ya ɗauke ta, ba za ta ce uffan ba. Kowa a gidan ya san da wannan magana har mu yara, kuma kowa ya san Kaka ba ta magana biyu.

A ɗakinta nake kwana, shi ya sa na gani. Da safe takan juya wa ƙofa baya kafin ta sha ruwa, ta riƙe moɗa da hannu biyu, duk da haka ruwan yana fallatsar mata a ƙirji. Hannun dama ne, yana kaɗawa shi kaɗai kamar mai yafito wani daga nesa. A tsakar gida kuwa kullum yana cikin mayafi, wai sanyi take ji. Ranar da ta kama ni ina kallo ta zuba mini ido har sai da na sunkuyar da kai. Ni ce na ji kunya, kunya mai nauyi, kamar na leƙa ta tana wanka.

A wannan hutun ne kuma na tarar ta tsiro da mita, wai matan gidan sun koyi rowa. A kawo mata kunu a ƙatuwar ƙwarya, ta leƙa ta ce ɗan ƙiris ne a gindi, ko kyanwa aka ba sai ta yi ƙorafi. Shayi kurɓi ɗaya, miya ɗan mitsil a gefen tuwo. In aka ce ai kaɗan ne don kada ya huce, sai ta ce, "Wannan ba kaɗan ba ne. Kaɗan yana da mutunci. Wannan ɗis ne." Goggo Talatu takan yi dariya ta ce ta shanye a ƙaro mata, kuma ana ƙarowar, sai dai na biyun ma bai fi na farko ba.

Ita ma tatsuniya ta canja salo. Bayan an gama cin tuwo, kafin ta fara, sai Kaka ta sa a ajiye mini ƙwaryar ruwa da ƙoƙo a gefen murhu, wai ni ce zan riƙa yin ruwan sama na cikin labarin. Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga wani bakuwa a bakin kofa." Mu amsa mu ce ta shigo ta ji ɗumi. Labari ɗaya ta yi ta maimaita mana a wannan hutun, har yara suka fara tsaki a ɓoye.

Wai a can sama akwai wata tsohuwa mai ƙwarya, ita ke ba duniya ruwa, kuma ba zubawa take haka kawai ba. In an yi shuka sai ta tsoma yatsu ta yayyafa, don kada iri ya tonu. In dawa ta kai gwiwa sai ta karkata ƙwaryar ta tsiyaya siriri. Sai tsakiyar damina take sheƙawa, mayo, wato rafi, ya cika ya kawo, yara su yi ta facal-facal a bakinsa. In girbi ya gabato kuma ɗigo take saki, ɗis, ɗis, yadda gyaɗa za ta ƙosa ba ta ruɓe ba.

Duk inda ta ambaci ruwa sai ta dakata ta dube ni, ni kuma in yi shi a kan toka. In na kuskure labari ya tsaya cak, sauran yara su yi ta harara ta.

"Yar birni, na ce ka yayyafa, kai kuma ka watsa. Watsa na mai fushi ne, da tafin hannu. Yayyafa da bakin yatsa ne, kaman kana sa gishiri a miyan mara lafiya. Sake."

Na yi ta sakewa har tokar ta riƙa yin 'yan ramuka ƙanana daidai wa daida, ba ta tashi ba. Na taɓa tambayarta fantsama fa, yaya ake yinta. Ta ce fantsama ba aikin mutum ba ne, abin da ruwa ke yi da kansa ne in an yi masa garaje, kuma kada ta kuskura ta gan shi a hannuna.

To, wata shekara sai hannun tsohuwar ya fara rawa. Ta zo yayyafi ta sheƙa, ruwa ya kwashe irin mutane ya kai kwari. Tsoro ya kama ta, don in mutanen ƙasa suka gane za su ce a karɓe ƙwaryar a ba wani. Sai ta kira tsattsewa a ɓoye, ta koya mata tsoma fiffike a ruwa tana karkaɗawa a kan gonaki, ta koya mata inda ake so da yawa da inda ake so ƙiris. Damina ta yi kyau, mutane suna ta yabon hannun tsohuwa, tsattsewa kuwa ba ta taɓa buɗe baki ba. Shi ya sa har yau in za a yi yayyafi za ka ga tsattsewa suna shawagi ƙasa-ƙasa. A nan Kaka ke cewa baƙuwa ta tashi ta bar mana toka, kowa ya nemi tabarmarsa.

Wani yaro ya taɓa cewa ai da tsohuwar ta faɗi gaskiya ta huta. Kaka ta dube shi ta ce, "Wanda aka karɓe masa kwarya, me zai zauna yana yi a sama?"

Ni dai ba daƙiƙiya ba ce. Na gane ni ce tsattsewa, na kuma gane turmin auren Saratu ake shirya ni dominsa. Ba ta taɓa faɗa mini da baki ba, ni ma ban tambaya ba. Amma kaina ya kumbura. Na riƙa tafiya a tsakar gida ina kallon manyan mata da tausayi, wai su ba su san abin da na sani ba.

Ranar man, mata suka cika gidan Goggo Talatu tun da hantsi. An soya gyaɗa, an murje, an fece, samari sun kai inji sun dawo da ita a manyan robobi, ƙamshi ya cika unguwa. Aka ajiye wa Kaka kujera a bakin turmi, aka miƙo mata ƙoƙo. Ba ta fito da hannu ba. Ta ce bana jikarta ce za ta yi, ita ba ta so ta mutu da sana'a a ciki, gara ta ga ko 'yar birni za ta moru. Na tsaya ina jiran wata ta ce man aure ba abin koyo ba ne. Babu wadda ta ce. Goggo Talatu ma cewa ta yi hakan ya yi kyau, ta ɗaura mini ɗankwali da kanta.

Aka fara juyi. Kaka tana kallon turmi tana magana ƙasa-ƙasa, ni ina bi. Ta ce tsiyaya, na karkata ƙoƙo ruwan ya zirara ta gefe. Ta ce tsaya, na tsaya. Gyaɗar ta yi tauri, mata biyu suna nishi a kan muciya, ta ce yayyafa, na tsoma yatsu duk da zafin ruwan. Can ta ce ɗiga, na ɗiga, ta ce ƙara ɗis, na ƙara. Sai ga gyaɗa ta dunƙule ta fara ƙyalli, mai ya taso ta gefe-gefe yana taruwa. Mata suka yi guɗa. Wata ta ce hannun Kaka ne sak, wata ta ce jini ba ya ɓuya. Na saci kallon Kaka, na ga gefen bakinta ya motsa. A raina na ce shi ke nan, mun ci, Baba ba zai zo da mashin ba.

Abin da ban sani ba, ita kuma ta sani sarai amma ba ta da yadda za ta yi da shi, shi ne al'adar man farko. A danginmu, ban ce a duk Kwaja ba, man da ya fara tasowa a turmin aure ana ɗibarsa a ludayi a ba babbar mace a gidan, ita za ta ɗiga wa amarya a tafin hannu, amarya ta shafa a fuska. Wannan ba a wakilta shi. Aka kira Saratu ta fito cikin sabuwar atamfar da dangin ango suka kawo, ta durƙusa ta buɗe hannuwa. Goggo Talatu ta tsaya da ludayi tana ɗan jinkiri, na ga ta rage man ta mayar turmi, ta sake ragewa, sannan ta miƙa.

Kaka ta fito da hannun daga mayafi a gaban kowa. Ta karɓi ludayin, ta tallafe da na hagu, ta cije leɓe. Ya kusa isa. Yana daf da tafin Saratu hannun ya fizge, man ya fantsama a ƙirjin atamfar da wuyan amarya, sauran ya malala a ƙasa, ludayin ya bugi turmi ya faɗi.

Sai wata tsohuwa ta ce albarka ce ta yi yawa, wata ta ce ai toka da sabulu za su fitar, Saratu ta shafa wanda ya zuba a wuyanta ta kai fuska ta ce ta gode. Nan da nan kowa ta samu abin yi, wannan ta koma muciya, waccan ta tafi duba wuta, babu mai kallon inda Kaka take. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kaka ta tashi ta kama hanyar gida, na bi ta a baya ina ƙoƙarin kada a ga hawayena.

Muna ɗaki sai ga Goggo Talatu da ƙatuwar ƙwarya, ta durƙusa ta ajiye. Kunu ne ɗan ƙiris a gindi, kamar kullum. Kaka ta daɗe tana kallon cikin ƙwaryar. Na ga fuskarta tana canjawa a hankali, kamar wadda ake faɗa wa labarin mutuwa daga nesa.

"Talatu, tun yaushe?"

Goggo ta sunkuyar da kai. "Tun shukan bara, Dada."

"Duka gida?"

"Har makota."

Ashe ba rowa ba ce. Sun ga abin tun kafin ni, suka haɗa baki a riƙa zuba mata kaɗan a babban mazubi don kada ya zube ta ji kunya. Ashe da aka ɗaura mini ɗankwali, da aka yi ta yabon hannuna, duk sun san wasan da muke yi, suna taya mu ne kawai. Na tuna irin tafiyar da nake yi a gabansu da sirrina, na ji kamar wadda ta zaga kasuwar Mubi kaf tana yanga, zanenta a yage ta baya, kowa ya gani babu wanda ya faɗa mata. Kunyata ke nan ni yarinya. Ta Kaka ban san yadda zan auna ta ba.

Da yamma bayan tuwo yara suka taru a bakin murhu, ba mu sa ran tatsuniya ba. Amma ta fito. Ba ta sa a kawo ruwa ba, hannunta kuma yana kan cinya a fili yana ta kaɗawa, wuta tana haska shi. Ta ce akwai ƙarshen labarin da ba ta taɓa ba mu ba. Wai wata rana tsohuwar ta leƙo ƙasa don ta ji daɗin yabon da ake mata, sai ta ga mutane duk sun ƙara wa gonakinsu tsayin jerin duwatsu na tare ruwa, sun haƙa magudana a bayan ɗakuna. Tun shekarar da ta sheƙa musu suka gane, suka shirya, suka ci gaba da ɗaga kai suna cewa useko, wato mun gode, hannunki da kyau. Wani yaro ya ce ashe mutanen kirki ne. Kaka ta ce, "Mutanen kirki ne. Amma shi tsohuwan, daga ranan bai sake leka kasa ba."

Ita da kanta ta aika wa Baba. Goggo Talatu ta yi kuka, ta ce babu wanda ya kore ta, ga jikoki za su riƙa zama mata hannu. Kaka ta ce zubar da mai ba komai ba ne, kowa yana zubarwa, abin da ba za ta iya ba shi ne zama a inda ake lallaɓa ta ana yi kamar ba a gani. Bayan biki Baba ya zo da mashin. Ta zauna da mu a Sabon Layi har ƙarshen ranta, ta yi mana tatsuniyoyi da yawa a gefen risho, amma ba ta sake zuwa kusa da turmin gyaɗa ba, kuma ban sake jin labarin tsohuwa mai ƙwarya a bakinta ba.

Na yi shekaru ina ganin Kaka ce ta cika girman kai. An rufa mata asiri, me kuma take so? Daga baya na koma ina jin haushin matan, ina cewa da wata a cikinsu ta zaunar da ita tun farko ta ce Dada mun gani, mu san yadda za mu yi, da watakila ta mutu a ɗakinta na Kwaja. Yanzu ba na jin haushin kowa. Su sun ji nauyin faɗa, ita ta ji nauyin nunawa, kowa yana kare kowa, har abin da ake gudu ya zo ya same ta a gaban taro.

Abin da ya sa na daina yanke hukunci shi ne nawa hannun ya fara. Likita ya ce yakan bi jini. Na daina zuba wa baƙi shayi, na ce yara su koyi aiki. A coci na daina riƙe littafin waƙa, na ce idona ne. Ni da na ga abin da ɓoyo ya yi wa Kaka, ni ce na sayi mayafi mai faɗi, kuma ina jin kunyar hakan fiye da yadda nake jin kunyar rawar hannun.

Kwanan baya aka yi wa maigidana aikin yanar ido, aka ba shi maganin da za a riƙa ɗiga masa. Yara suna makaranta, babu wanda zan tura. Ya kwanta a doguwar kujera ya ɗaga kai, na tsaya a kansa da 'yar kwalbar. Na farko ya sauka a kuncinsa. Na biyu a gira. Na ce kwalbar ce ba ta da kyau, bakinta ya yi faɗi. Na jira ya ce haka ne, irin yadda mutanen kirki ke cewa.

Bai ce ba. Ya lalubo wuyan hannuna ya riƙe gam, ido a rufe, ya ce, "Rahila, hannunki yana rawa. Tun bara na gani, kuma na gaji da yin kamar ban gani ba. Ki matsa, ni zan riƙe."

Kunya ta rufe ni. Na so in fizge hannun in ce ba haka ba ne. Amma ya riga ya buɗe idon yana jira, ja wur da shi, kuma maganin ba zai shiga da kansa ba. Na bar hannuna a cikin nasa, na matsa.